Fom Ɗin da Madam Ta Gyara

A maɗaba'ar da yake aiki babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Bakomai ake ce masa, don ko ƙafarsa ka taka da gangan abin da zai ce maka ke nan, har ya ƙara maka da murmushi. Shekara goma sha ɗaya ya yi a tsaye gaban babban injin buga littattafai, wanda ma'aikata suke kira Giwa, yana ɗura mata takarda ta nan, yana duba abin da ta fitar ta can. Matarsa kuwa ita ce mai gyaran Giwar. Injiniya ake ce mata a wurin aiki, shi ma haka yake kiranta har a gida. In Giwa ta soma tari, iyakar Bakomai ya kashe ta ya ja gefe. Injiniya ce za ta zo da sifana a aljihun rigar aiki, ta kara kunne a jikin ƙarfe, ta ce, "Ga inda yake mata ciwo."

Wata Talata da safe mahaifin Bakomai ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar banɗaki. A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun daina jin magana, baki ya ɗan karkace. Bayan kwana tara aka sallame su da doguwar takarda ta abin da za a riƙa yi masa: a ɗaga shi, a juya shi, a yi masa wanka, a kai shi banɗaki, a motsa masa gaɓoɓi sau uku a rana. Baba kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Tsohon direban babbar mota ne mai faɗin kafaɗa, wanda ko ruwa ba ya yarda a miƙa masa in zai iya tashi ya ɗebo da kansa.

"Kai za ka zauna da shi," in ji Injiniya ranar da suka dawo gida. "Ni ba zan iya ɗaga shi ba, shi kuma ba zai yarda in gan shi ba riga ba. Ka nemi hutun jinya."

"Ana ba maza?"

"Doka ma'aikaci ta ce. Ba ta ce mace ba."

Gaskiyarta kuwa. Sabuwar dokar ƙwadago ta ba kowane ma'aikaci mako shida ya yi jinyar uwa ko uba ko suruki ko ɗa, aikinsa yana nan yana jiransa. Sai dai in miji da mata wuri ɗaya suke aiki, ɗayansu ne kawai zai tafi. Shi ya sa fom ɗin yake da layi biyu, na sama sunan mai neman hutu, na ƙasa sunan abokin zamansa. Bakomai ya rubuta nasa a sama, nata a ƙasa, da manyan baƙaƙe, ya hau bene da shi.

Ofishin kula da ma'aikata yana hawa na biyu, inda ƙarar Giwa ba ta kaiwa. Madam ce shugabarsa, mace mai kirki da gaske, wadda ta halarci tarurrukan daidaito tsakanin maza da mata har bangon ofishinta ya cika da takardun shaida, ba wurin rataye kalanda. Ta karɓi fom ɗin, ta duba, fuskarta ta yi laushi.

"Allah sarki," ta ce. "Ka ga mazan kirki. Har fom kai kake cike mata."

"A'a, Madam, ai ni ne..."

Wayar teburinta ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta toshe bakin wayar da tafin hannu, ta ce masa, "Na gane, na gane. Je ka abinka, yau ɗin nan zan tura."

"To, ba komai," ya ce, ya sauko da sanyin zuciya.

Bayan kwana biyu takardar amincewa ta fito, da hatimi da sa hannu. An ba Injiniya hutun mako shida daga Litinin. A jikin takardar an maƙala kwafin fom ɗin, inda Madam ta sa jan biro ta ja kibiya biyu, ɗaya ta sauko da sunansa, ɗaya ta hau da nata. A gefe ta rubuta: kuskuren cikewa, an gyara.

Su biyu suka hau benen a wannan karon. Injiniya ce ta yi magana, don ta san in ta bar wa mijinta za su sauko da godiya.

"Madam, shi ne ya nema. Mahaifinsa ne. Ni ban nemi komai ba."

Madam ta dubi Injiniya, ta dubi Bakomai, ta ce masa ya ɗan ba su wuri. Ya fita ya tsaya a bakin ƙofa, yana jin komai.

"'Yar'uwa, gaya mini gaskiya," in ji Madam cikin raɗa mai ƙarfi. "Matsa miki yake yi ki bar masa hutun? Kar ki ji tsoro. Shi ma wani nau'i ne na cin zarafi, mun yi taro a kansa."

"Madam, mutumin nan ko kaza bai taɓa matsa wa ba."

"Haka dukansu suke cewa da farko."

Duk yadda Injiniya ta ƙara dagewa, sai Madam ta ƙara tabbata cewa ta gano wani abu. Daga ƙarshe ta kira Bakomai, ta yi musu bayani da tausayi. Takardar ta riga ta shiga rajistar ofishin ƙwadago. Doka kuma ta hana ma'aikata janye hutun da ta riga ta bayar, don kada a riƙa yi wa mata wasa da haƙƙinsu. In suna da ja, ga fom na ɗaukaka ƙara. Ana duba shi cikin kwana talatin na aiki. Bakomai ya cike nan take ya miƙa.

Suna sauka, Injiniya ta lissafa a yatsu. Kwana talatin na aiki mako shida ne cif.

Makon farko ya yi wa gidan nauyi. Baba ya ƙi yarda surukarsa ta kusanci zanen da ya rufa da shi. In ta kawo masa ruwa sai ya kau da kai. Sai a rana ta uku, da ta ga leɓɓansa sun tsattsage, ta gane dabararsa: ya daina sha ne don kada fitsari ya kama shi ɗansa ba ya nan. Da ta gaya wa Bakomai, ya zauna a bakin gadon uban ya ɗago masa kai ya ba shi ruwa.

Daga nan ya sake tsari. Da sassafe ya yi wa Baba wanka, ya sauya masa kaya, ya ruga aiki. Da hutun rabin rana, lokacin da sauran ma'aikata suke buɗe kwanukan abinci, shi yana kan babur yana kutsawa tsakanin motoci. Ya kai Baba banɗaki, ya juya shi, ya dawo yana haki, ya tsaya gaban Giwa da cikin da ba komai a ciki. Wandonsa ya soma sauka, ya ƙara huji a bel.

Injiniya kuma, tunda an zaunar da ita a gida, sai ta dubi Baba yadda take duban inji. Ta auna tsayin gado da faɗin ƙofa. Ta samo tsofaffin bututun ruwa ta kafa masa madogara daga gado har banɗaki. Ta ɗaura igiya da ƙaramar taya a saman gadon don ya riƙa jan kansa ya zauna da hannun hagu. Baba yana kwance yana kallonta tana ɗaure noti, har wata rana ya yi gurnani ya nuna da baki.

"Me ka ce, Baba?"

"Wa...sha," ya ce da ƙyar.

Ta duba. Ta manta ba ta sa washa a ƙarƙashin notin ba kuwa. Tun daga ranar suka samu abin hira. Tana tambayarsa injin manyan motoci na da, yana amsawa da rabin baki, har ta fi ɗansa gane maganarsa. Ƙwallon roba da likita ya bayar ya riƙa matsawa Baba ya ƙi taɓa shi, ya ce na yara ne. Da ta sa masa sifana a hannun daman, sai yatsun suka soma neman riƙewa.

A rana ta tara Giwa ta tsaya. Ta yi wani irin ƙugi, ta tauna takarda ta tofar, ta yi shiru. Ga makarantu sun kusa komawa, ga littattafan karatu jibge ba a buga rabinsu ba. Manaja ya sauko da kansa, abin da ba ya yi sai in baƙi sun zo.

"A kira Injiniya!"

Madam, da ta biyo shi da sauri, ta ce ba zai yiwu ba. Doka ta hana a nemi ma'aikacin da yake hutun jinya da maganar aiki, ko da ta waya. Manaja ya share gumi, ya zagaya Giwa sau biyu, sai idonsa ya faɗa kan Bakomai.

"Madam, dokar ta hana miji ya kira matarsa?"

Madam ta yi tunani, ta ce a iya saninta ba ta hana ba. Ta koma sama don kada ta ga abin da zai biyo baya.

Bakomai ya kira gida. Injiniya ta ce ya kunna injin, ya kara wayar a jikin murfi na biyu. Ta saurara, ga muryar Baba can a bayanta yana tambayar me ya faru. "Kashe," ta ce. "Shiga ƙasa ta hagu. Ka ga noti uku a jere? Kwance na uku. Ba wannan ba, ina jin ƙarar sifanarka, na kusa da shi." Ya sa abin sauraro a kunne, ya kwanta rigingine cikin giris, yana yin abin da aka ce. Bayan awa ɗaya Giwa ta tashi. Manaja ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ashe kai ma ɓoye kanka kake yi!"

"Ai ita ce, ranka ya daɗe."

"Na sani, na sani," in ji Manaja, yana tafiya.

Sau bakwai aka yi haka cikin mako shida. Wani lokaci Injiniya tana ba Baba abinci da hannu ɗaya, waya a kafaɗa, tana gyaran injin da ke nesa da ita da tafiyar rabin awa. Duk wanda ya wuce ta ɗakin buga littattafai kuwa, ƙafafun Bakomai yake gani sun leƙo daga ƙarƙashin Giwa.

Ranar da Injiniya ta dawo aiki aka tara ma'aikata a farfajiya. Shugaban sashen injuna ya yi ritaya, kuma shekara biyu ke nan kowa ya san wadda za ta gaje shi. Har wasu sun soma yi mata murna a ƙofa. Manaja ya hau kan tarin takarda ya yi jawabi. Ya ce akwai ma'aikacin da mahaifinsa yake kwance, amma ko rana ɗaya bai yi fashi ba. Ya ce wannan bawan Allah sau bakwai ya ta da Giwa lokacin da babu kowa. Ya ce irin wannan sadaukarwa ce maɗaba'a take nema a shugabanci. Ya kira sunan Bakomai.

Aka yi tafi. Abin da Bakomai bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, tafin ya yi masa daɗi. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa tafa masa. Ya miƙa hannu ya karɓi mabuɗin ofis, yana murmushi, kafin ya tuna ya waiga. Injiniya tana tsaye a bayan taro da hannuwa a aljihu. Daga baya ta ga abin da aka rubuta a fayil ɗinta: ƙwararriya ce, amma nauyin iyali yana iya raba mata hankali.

Kafin a tashi aiki masinja ya kawo wa Bakomai wata takardar. An duba ƙararsa, an gano kuskure ne, an ba shi hutun jinya na mako shida. Manaja ya leƙo sabon ofishin ya ce ya tabbata sabon shugaba ba zai bar sashe a irin wannan lokaci ba.

Suka hau babur shi da Injiniya, suka nufi gida. Ba ta riƙe kafaɗarsa ba kamar kullum, ƙarfen baya ta riƙe. A gida ta wuce kicin, shi kuma ya shiga ɗakin Baba ya ba shi labari, yana ɗan rage muryar farin cikin. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ja igiyar saman gado ya zauna.

"Wa ya gyara?"

"Baba, ai ni na shiga ƙarƙashin..."

"Ina ɗakin nan," in ji Baba, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Kunnena bai shanye ba."

Ya koma ya kwanta, ya juya wa ɗansa baya da kansa, abin da mako shida da suka wuce sai an taimaka masa.

Washegari da ƙarfe tara aka ƙwanƙwasa ƙofar sabon ofishin. Injiniya ce, da rigar aiki, da fom a hannu.

"Ranka ya daɗe, shugaba," ta ce. "Ƙorafin nuna bambanci na kawo. An hana ni girma saboda na yi hutun da doka ta ba ni, wanda ma ban nema ba. Ƙa'ida ta ce in fara kai wa shugaban sashena, ya rubuta ra'ayinsa."

"Haba, Injiniya."

"Akwai layi huɗu a ƙasa. Nan za ka rubuta."

Ta ajiye ta fita. Ya daɗe yana kallon layukan. Kujerar tana da laushi, ga fanka, ga labule. Ya ɗauki biro. Layi huɗun ba su ishe shi ba, ya ƙara da takarda biyu. Ya rubuta ranakun da Giwa ta tsaya, da lokacin da ya kira, da daɗewar kowane kira kamar yadda wayarsa ta nuna. Ya rubuta cewa shi ya nemi hutu tun farko. A ƙarshe ya rubuta: mai ƙorafi tana da gaskiya, wanda aka ba kujerar bai san aikin ba. Ya sa hannu, ya buga sabon hatiminsa, karo na farko da ya yi amfani da shi.

Madam ta karanta sau biyu. "Ka san kanka kake kai wa ƙara?"

"Na sani, Madam."

Ta rage murya. "Matsa maka take yi?"

Bayan mako uku jami'in ƙwadago ya zo, wani dattijo mai tabarau a ƙarshen hanci, wanda ba ya gaggawar komai. Aka zauna a ɗakin taro. Manaja ya ce maɗaba'a ba ta taɓa neman Injiniya da aiki lokacin hutunta ba, Bakomai ne ya yi gyaran da basirarsa.

"Madalla," in ji jami'in. Ya juya ga Bakomai. "A karo na huɗu, me ya sami injin?"

"Wallahi ban sani ba, ranka ya daɗe. An dai ce in cire wani abu mai kama da cokali in goge in mayar."

"Wa ya ce?"

Bakomai ya nuna matarsa.

Manaja ya gyara zama, ya ce to, gaskiya ta ɗan taimaka ta waya. Jami'in ya ce ashe ke nan an sa mai hutu aiki sau bakwai, ya rubuta. Manaja ya ce a'a, hira ce tsakanin miji da mata. Jami'in ya ce ashe ke nan an ba mutum shugabanci saboda yana hira da matarsa, ya rubuta wannan ma. Daga nan Manaja ya nemi a kawo masa ruwa.

Hukunci bai yi tsawo ba. A goge maganar nauyin iyali daga fayil, a sake duba kujerar bisa cancanta, a bar Bakomai ya tafi hutunsa. Madam ta ɗaga hannu ta ce tunda an tabbatar Injiniya ta yi aiki a lokacin hutu, ai tana bin wani mako shidan, za ta cike mata fom yanzu. Injiniya ta miƙe tsaye.

"Madam, don girman Allah, kar ki sake taimakona."

Cikin wannan makon aka ba Injiniya mabuɗin ofis. Ba ta cika zama a ciki ba, ta ce fankar tana hana ta jin Giwa. A ƙarshen wata Madam ta rubuta a rahotonta cewa, albarkacin ƙoƙarin ofishinta, maɗaba'a ta samu mace ta farko shugabar sashen injuna da namiji na farko mai hutun jinya, duk a wata ɗaya. Ba ƙarya ta yi ba. Kamfanoni biyu suka gayyace ta ta koya musu yadda ake yi.

Bakomai kuwa, ranar farko ta hutunsa ya tashi da wuri, ya ɗora ruwa, ya sirka, ya ɗauko soso da tawul. Kafin ya iso, Baba ya bi madogara ya shige banɗaki, ya ja bokitin da ƙafa, ya sa sakata.

"Baba, ni ne. Hutu aka ba ni in yi jinyarka."

"To ka huta," in ji Baba daga ciki.

Haka ya yi mako shidan. Ya kai yaransu makaranta, ya ɗauko su, ya ƙona tukunya biyu kafin ya koyi miya. Aikin jinya ɗaya da Baba ya bar masa shi ne rakiya, don likita ya ce ya riƙa takawa kowace yamma. Suna fita, Baba da sanda, yana jan ƙafar dama, daga ƙofar gida zuwa shagon mai faci a ƙarshen layi. A rana ta uku, da suka zo daidai inda maƙwabta suke zama, Bakomai ya kai hannu zai riƙe masa gwiwar hannu. Baba ya ture shi da sandar.

"Wuce gaba," ya ce. "Ka rame. Bari su ɗauka ni nake raka ka."